Fatar Leda Ce Ke Riƙe Tawada

Sana'ata buga rubutu ne a kan leda. A wata masana'anta da ke Sharaɗa a Kano nake aiki, inda muke narka ƙwayar roba mu busa ta ta zama leda, mu buga mata sunan kamfani da lambar NAFDAC, mu naɗe mu kai wa masu ruwan leda. Daga baya aka sayo mana injin da ke haɗa leda hawa biyu ko uku, muka shiga yin ledar omo da ta biskit da ta garin yaji. A ɓangarorin biyu duk na zauna, kuma a duka biyun ciwon kan iri ɗaya ne, wato abin da aka shafa ko aka manna ya ƙi zama.

Ƙorafin masu ruwa bai cika sauyawa ba. Yaro ya ciro ruwa daga kula mai ƙanƙara, ya miƙa wa mai saye, sai a ga shuɗi a tafin hannu, rabin sunan kamfani ya goge. Mai kamfanin kuwa tun daga gida ya gama yanke hukunci, wai mun koma tawada mai araha. Har ma'aikatan cikinmu haka suke faɗa, shi ya sa da an dawo da kaya sai ka ga an nufi durom ɗin tawada ana ƙara tina, wato sinadarin tsinka tawada, ana ragewa. A mafi yawan lokutan da na bi diddigi, tawadar lafiyarta ƙalau. Ledar ce ta ƙi karɓa.

Wani injiniya Ba'indiye da ya zo kafa mana inji ne ya fara nuna mini abin da idona. Ya ɗiga ruwa a kan ledar da ta fito daga injin busawa ba a yi mata komai ba, ruwan ya dunƙule ya tsaya, da ya karkata ledar sai ya gangara bai bar ko danshi ba. Ya ɗiga a kan gilashin da ya wanke tas, ruwan ya baje. Ya ce mini tawada da gam duk ruwa-ruwa suke zuwa, kuma abin da bai baje ya jiƙa wuri ba, ba zai kama shi ba idan ya bushe.

Dalilin kuwa ja-in-ja ne. Ƙwayoyin kowane ruwa suna jan junansu, shi ya sa ɗigo ke son dunƙulewa. Fuskar abin da aka ɗiga shi a kai ita ma tana jan sa. Idan jan fuskar ya fi ƙarfi, ruwan ya baje ya shiga kowane lungu na fuskar. Idan jan da ruwan ke yi wa kansa ya rinjaya, sai ya tattare. Wannan ƙarfin na fuska ana auna shi da ma'aunin da muke kira dayin. Tun 1805 wani masani ɗan Ingila, Thomas Young, ya bayyana yadda kusurwar da ɗigo ke yi da fuskar da ya zauna a kai take fitowa daga wannan ja-in-jar. A kan ledarmu ɗanya kusurwar ɗigon ruwa ta haura digiri 90, alamar ba shiri ke nan.

Lambobin da na haddace ba su da yawa, amma kullum da su nake aiki. Ruwa zalla yana da wajen dayin 72. Sinadaran da ake tsinka tawadarmu da su, dangin itanol da itil asitet, suna tsakanin 22 da 24. Foliyetilin, robar da ake ledar ruwa da ita, tana wajen 31. Folifurofilin, ta ledar biskit mai ƙyalli, 29 zuwa 30. Foliyesta ta haura 40 tun ba a taɓa ta ba. Teflon da ake shafa wa kaskon suya na zamani bai kai 20 ba, shi ya sa ƙwai ba ya kama shi. Gilashi da ƙarfe masu tsabta kuwa sun yi wa duk waɗannan nisa ƙwarai. Ƙa'idar da masu buga leda ke bi ita ce fuskar leda ta ɗara tawada da dayin 10 ko kusa da haka. A aikace, tawadar tina tana son ledar da ta kai 38 zuwa 40, gam ɗin haɗa leda yana son 40 zuwa 42.

Mai lissafi zai ce ai 31 ta fi 24, don me tawadar tina ba za ta zauna ba? Za ta baje kam, rubutu ya fito raɗau. Amma bajewa daban, riƙo daban. Foliyetilin ba ta da komai a jikinta sai kabon da haidurojin, dangin kakin kyandir ce, sarƙarta ce kawai ta fi tsawo. Idan tina ya tashi ya bar busasshiyar tawada, babu wani abu a fuskar da tawadar za ta cafka. Sai ta kwanta kawai, ranar da ta haɗu da ruwan ƙanƙara da gogayya ta tashi.

Maganin da duk duniya ke amfani da shi ana ce masa korona. Ba ruwansa da cutar nan, tartsatsin lantarki ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Denmak, Verner Eisby, shi ya ƙirƙiro shi a 1951 da aka kawo masa matsalar buga rubutu a kan roba, kuma kamfanin da ya kafa, Vetaphone, har yanzu injinan yake ƙerawa. Ledar tana bi ta kan wata rola da aka lulluɓe da roba ko tangaran, a samanta akwai sandar lantarki, tazararsu milimita 1 zuwa 2. Ana sakar wa sandar dubban bolt, iskar da ke tsakani ta kama da wani haske shuɗi-shuɗi mai tsartuwa. Wannan wutar tana fasa sarƙar robar da ke can sama, iskar oksijin ta samu wurin maƙalewa. Fuskar da dā kabon da haidurojin ce zalla sai ta samu ƙwayoyin oksijin, waɗanda tawada da gam ke iya kamawa. Leda ta shiga da 31 ta fito da 40 ko 42, alhali ido bai ga wani bambanci ba, hannu ma bai ji ba.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wurin da aka gyara. Ledar ruwan da muke yi kaurinta wajen makiron 60 ne, makiron kuwa kashi ɗaya cikin dubu ne na milimita. Abin da korona ke taɓawa 'yan nanomita ne, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin ba. Duk cinikin mai ruwan leda da sunan kamfaninsa a kan wannan 'yar fata suka rataya. Warin da ke tashi a wurin, irin wanda ake ji kusa da injin walda, na iskar ozon ne, yana sa tari da ciwon kai. Masana'antar da ba ta sa bututun zuƙe shi waje ba tana cutar ma'aikatanta, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Ƙarfin korona da gudun inji tare suke tafiya, kuma nan ne ma'aikatan dare ke ɓata kaya ba da gangan ba. Lissafin shi ne a raba wat da faɗin leda da gudunta. Wat 1000 a kan leda mai faɗin mita 1 da ke gudun mita 50 a minti yana ba da 20 ga kowace murabba'in mita. Idan mutum ya ga an matsa masa da oda ya ƙara gudu zuwa mita 80 bai taɓa korona ba, abin ya sauka zuwa 12.5. Wutar tana nan shuɗiya, ƙarar tana nan, amma kowane taƙi na leda bai samu rabonsa ba. Haka idan an ɗauke wuta an koma janareta, wasu tsofaffin injinan korona ba sa tashi da kansu, sai an danna. Leda na iya tafiya mita ɗaruruwa ɗanya a tsakiyar naɗi, sama da ƙasanta lafiya. Irin wannan naɗin shi ke sa mai ruwa ya ce jiya kaya lafiya, yau sun lalace, alhali naɗi ɗaya ne.

Abin gwaji alƙalami ne mai kama da maka, kowanne da lambarsa a jiki: 36, 38, 40, 42. A cikinsa akwai ruwan da aka haɗa daidai da wannan lamba. Ka ja layi a kan leda ka ƙirga daƙiƙa 2. Idan layin ya tsaya a shimfiɗe, leda ta kai lambar. Idan ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo, ba ta kai ba. Sai ka yi ta hawa har ka samu inda ya fara tsinkewa. Sauƙin abin ne ke sa a yi masa riƙon sakainar kashi. Bakin alƙalami yana kwasar datti daga leda, ya zama yana faɗin ƙarya, don haka ba a maimaita layi a wuri ɗaya, kuma wanda aka bari a buɗe ko ya wuce wata 6 ni ba na yarda da shi. Ana gwada gefen dama da tsakiya da gefen hagu, domin sandar lantarki tana iya karkacewa tazararta ta bambanta. Ruwan gwaji na asali, haɗin fomamaid da wani sinadari, guba ne, ba a taɓa shi da hannu, kuma yankin da aka gwada yanke shi ake a yar.

Bayan an buga kuma sai gwajin salatef. A manna a kan rubutu, a danne da yatsa, a fizge. Abin da ya biyo salatef shi zai bi hannun mai shan ruwa. Don ledar ruwa ni nakan ƙara da jiƙa ta cikin ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci sannan in murza ta tsakanin hannuwana, tunda rayuwar da za ta yi ke nan.

Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne gyaran korona ba ya dawwama. Leda mai korona kaya ce mai lalacewa, ko da ba ta wari ba ta ruɓa. Abu biyu ke cin ta. Na farko, ƙwayoyin oksijin ɗin da aka dasa a sama suna juyawa su nutse cikin robar a hankali, kuma zafi yana hanzarta hakan. Na biyu ya fi ɓarna. A cikin ƙwayar roba ana zuba wani sinadarin santsi, galibi erukamaid, wanda ake samu daga man wani tsiro dangin mustad, domin leda ta riƙa zamewa a cikin injin cika ruwa ba ta cije ba. Kaɗan ne, wajen kashi ɗaya cikin dubu. An yi shi ne musamman don ya riƙa fitowa daga cikin roba ya kwanta a sama, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu mafi yawansa ya fito. Da ya fito sai ya lulluɓe fatar da korona ta gyara. Mai lalle ba ta sa wa hannun da aka shafa wa mai, sai an wanke, to ita leda man daga cikinta yake tsattsafowa, ba mai wanke shi.

Wani mai kamfanin ruwa, dattijo da muke ganin girmansa, ya taɓa sayen leda fara da yawa lokacin da ya ji kuɗin roba zai tashi, ya ajiye a sitonsa, yana kawowa kaɗan-kaɗan muna buga masa. Kashin farko lafiya. Wanda ya kawo a watan Afrilu kuwa, salatef ya kwashe rubutun kaf. Ya zo da kansa, ransa a ɓace.

"Malam, ni za ku yi wa haka? Shekara nawa muna tare?"

"Ranka ya daɗe, Allah ya huci zuciyarka. Yaushe aka busa ledar nan?"

"Tun kafin sanyi ya wuce. Ai a naɗe take, ko ƙura ba ta taɓa ba."

"A ina take ajiye, Alhaji?"

"A sito mana."

Siton kwano ne ba silin. Zafin Kano a watan Afrilu yana kai digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Na ciro alƙalamin 38 na ja layi a gabansa, nan take ya watse. Na sauka 36, shi ma ya watse. Na kawo naɗin da aka busa a ranar na ja 40, ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon layukan, sannan ya ce, "To yanzu asara ke nan?" Ba asara ba ce, don injin bugunmu yana da ƙaramar korona a bakinsa, kuma ledar da aka taɓa gyarawa tun tana sabuwa tana saurin farfaɗowa idan aka sake bi ta kai. Wadda ba a taɓa gyarawa ba har santsi ya rufe ta ita ce mai taurin kai. Tun daga lokacin kowane naɗi da ya fita daga hannuna sai na rubuta masa ranar busawa da lambar da ya ba ni, kuma tsohon kaya ake fara bugawa.

Wanda ya ji wannan zai ce to a ƙure wutar mana, a kai 50 a huta. Nan kuma wata rigima ce. Korona idan ta yi yawa tana daddatsa sarƙar robar ta zama guntaye, su taru a sama ba su da saiwa a jikin ledar. Alƙalami zai nuna lamba mai kyau, tawada ta baje ta kama, amma guntayen ta kama, da an fizga sai su taho tare. Ledar da aka ƙona haka tana kuma mannewa da kanta a cikin naɗi, a zo warwarewa tana ƙara tana yagewa.

Mafi muni shi ne idan wutar ta zagaya baya. Fuskar ciki, wadda ruwa ke taɓawa, ita injin ke liƙewa da zafi, kuma ɗanya ake son ta, domin fuskar da korona ta taɓa ba ta narkewa ta haɗe da 'yar'uwarta yadda ya kamata. Idan leda ta yi tattara a kan rola, ko iska ta shiga ƙarƙashinta, ko rigar rolar ta yi datti ko rami, sai tartsatsi ya tashi a bayan ma. Mun taɓa samun ƙorafin ruwa na yoyo ta bakin liƙi, jefi-jefi, kusan a layi ɗaya. Masu ruwan suka canza hita, suka ƙara zafi, suka kori mai kula da inji ɗaya, yoyo bai tsaya ba. Da aka kawo mini ragowar naɗin sai na juya shi na ja alƙalamin 36 a gicciye ta ciki. Ko'ina ya watse kamar yadda ya dace, sai wani siririn zane da ya riƙe ruwan. Muka buɗe rolar koronarmu muka tarar da rigarta ta tsage daidai wurin. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da aka kora an mayar da shi, ko da yake sai da aka sa baki.

A ɓangaren haɗa leda abin ya ninka, domin kowane hawa da nasa mahaɗi. Ɗauki ledar biskit mai hawa uku. A waje akwai leda garai-garai da aka buga rubutu a cikinta ta baya, sai tawada, sai gam, sai leda mai hurhurin alminiyam, sai gam kuma, sai ledar liƙi a ciki. Leda da tawada mahaɗi ne, tawada da gam mahaɗi, gam da alminiyam mahaɗi, alminiyam da robar da aka hura shi a kai mahaɗi. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne ƙarfin jakar gaba ɗaya. Gam ɗin foliyuritan ne mai kashi biyu, kuma sai ya yi kwanaki kafin ya gama nuna, don haka aibin ba ya bayyana ranar da aka yi shi.

Idan aka kawo mini jakar da ta ɓare, kafin in taɓa alƙalami sai na raba ta a hankali na duba fuskokin biyu a haske. Idan tawada ta bar ledar waje fes ta bi gam, ledar waje ce ba ta samu korona ba ko ta tsufa. Idan gam ya tsaya gefe guda ɗaya gefen yana sheƙi, wancan gefen ne gam bai jiƙa ba. Idan alminiyam ya baro robarsa ya bi gam, matsalar daga masu hura shi ce, tun kafin ya zo mana. Idan kuwa gam na nan a fuskokin biyu yana danƙo, to fuskoki ba su da laifi, gam ne ya tsage a tsakiyarsa, ko awon kashi biyun bai daidaita ba, ko tina bai gama fita daga tawada ba aka rufe shi. Wannan na ƙarshe ko an ƙara korona sau goma ba abin da zai sauya. Na ga an ɓata yini ana murɗa wuta a kan matsalar da sikeli ne maganinta.

Leda mai alminiyam tana da nata wayon. Sabon alminiyam ƙarfin fuskarsa babba ne, amma a cikin naɗi yana kwance ne a kan bayan ledar da ke samansa, yana kwasar sinadaran da ke fitowa daga can. Bayan watanni sai ka gwada ƙarfe ka samu lambar roba. Yawancin irin wannan leda daga waje ake shigo da ita, ta yi makonni a teku, ta yi wasu a tashar Legas cikin kwantena mai zafi, sannan ta hau tirela zuwa Kano. Lambar da ke kan takardar masu ita gaskiya ce a ranar da suka rubuta ta.

Sauran abokan gaba ƙanana ne amma ba sa ƙarewa. Lokacin hunturu leda tana tara lantarki saboda bushewar iska, ta riƙa zuƙo ƙura, kuma duk inda ƙwayar ƙura ta zauna gam bai taɓa leda ba. Akwai maiƙon hannu. Akwai feshin silikon da makanikai ke so don yana sa komai ya zame, wanda lambarsa ke wajen 24 ko ƙasa. Fesa ɗaya a kusa da inji ya isa ya sa tawada ta riƙa buɗe ƙananan ramuka zagaye. Masu fentin mota sun san wannan aibin sarai, daga man goge mota yake zuwar musu. Ni na hana shigo da gwangwaninsa ɗakin bugu gaba ɗaya. Ita kuwa takardar bayan sitika da gangan ake shafa mata silikon ɗin, don gam ya saki idan an ɓare.

Da aka fara kawo mana tawadar ruwa, wadda ake tsinkawa da ruwa maimakon tina, don gwaji, saboda tsadar tina da haɗarin gobara, lambar 38 da muka saba da ita ta daina isa. Tawadar ruwa ko an sa mata sinadaran sassauta ta, jan da take wa kanta ya fi na tawadar tina, sai leda ta kai 42 zuwa 44 take kwanciya sumul. Wannan ya matse mu tsakanin bango biyu, ƙasa da haka rubutu ya yi dabbare-dabbare, sama da haka sosai a shiga ƙonewa da mannewa. Hanyar da ta yi mana aiki ita ce a busa leda da korona matsakaiciya, a sa sinadarin santsi daidai abin da injin mai ruwa ke bukata ba ƙari, a buga cikin 'yan kwanaki, kuma a kunna ƙaramar koronar bakin injin bugu ta sabunta fuskar daƙiƙa kaɗan kafin tawada ta sauka. Odar da za ta daɗe a sito kafin a buga kuwa, har yanzu da tawadar tina muke yin ta.